Tankin da Ka Bari a Rufe

Daga Allah muka fito, kuma komai nisan zagayenmu gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan jiya, da hantsi, Allah Ya karɓi ran abokina na shekara talatin da ɗaya, mai hoton layinmu, wanda babba da yaro suka sani da Kar-ka-motsa. A tsakar gidansa ya yanke jiki ya faɗi, da kwanon ƙanƙara a hannunsa. Kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Kar-ka-motsa, ni ne, mai tsofaffin kaya na bakin kasuwa, wanda kake kira ɓarawon zaune. Ka san ban saba rubutu ba sai na rasit, amma abin da idona ya gani a gidanka cikin kwana ukun da suka biyo bayanka ya tsaya mini a maƙogwaro, in ban amayar da shi ba zai kashe ni. Na so in rubuta maka yabo zalla. Ka yi haƙuri, ya gauraya da ƙyama.

Bari in fara da ranar da muka haɗu, don ni ma ba a kan gaskiya na fara da kai ba. Ka zo rumfata kana neman tankin wankin fim. Ga wanda bai taɓa gani ba, wani gwangwani ne da bai fi butar shayi girma ba, a cikinsa akwai kwarkwaron da ake naɗa fim a kai, murfinsa kuma an yi shi ne yadda ruwa zai shiga amma haske ba zai shiga ba. Ina da guda uku a cikin tarkacen da na saya a gwanjo, biyu na roba, ɗaya na ƙarfe. Ɗaya daga cikin na robar ya tsage a gefen murfi, na cike tsagar da kakin kyandir, na shafe da baƙin man takalmi, shi na fara miƙa maka ina rantsuwa cewa bai taɓa ganin ruwa ba. Ba ka yi mini musu ba. Ka ciro 'yar tocila daga aljihu, ka kunna, ka jefa a ciki, ka rufe, ka ja bargon da nake sayarwa ka lulluɓe kanka da shi a tsakiyar kasuwa. Jim kaɗan na ji muryarka daga ƙarƙashin bargo: "Malam, tankinka yana murmushi." Ka fito ka kankare kakin da farce a gaban maƙwabtana. A kasuwa an sha zagina, amma ba a taɓa kunyata ni cikin ladabi irin na ranar ba.

Ka ɗauki na ƙarfen, ka juya kwarkwaronsa a tafin hannunka kana duba ko ya lanƙwashe, ka cika shi da ruwa ka kife don ka ga ko zai ɗiga. Na ce murfinsa yana da taurin buɗewa, ka ce abin da kake nema ke nan, tanki da baki duk ɗaya ne, mai saurin buɗewa ba ya riƙe amana. Daga baya ka sayi na roba guda biyu a wani wuri, don aikin ƙananan finafinai, amma na ƙarfen nan ka keɓe shi ga tsohuwar kyamararka, wadda ake ratayawa a ciki a leƙa ta sama, mai faffaɗan fim na hoto goma sha biyu.

Tun daga ranar na zama ɗan zaman bencinka. Na ga yadda kake zura hannu biyu a baƙar jakar nan mai hannuwa kamar riga, ka lumshe ido, ka naɗa fim a kwarkwaro da lalube, ka sa a tanki ka rufe, sannan ka fito da shi fili. Ka ce mini daga nan duhun ya koma cikin tanki, sauran aikin ko a rana tsaka ana yinsa. Na ga ƙa'idarka wadda ba ka taɓa saɓawa ba: duk tankin da ke da fim a ciki sai ka ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. Mai ɗakinka ta san wannan, 'yarka tun tana rarrafe ta san wannan, har kyanwar gidan ina jin ta sani. Jan ƙyalle yana nufin a bar shi a rufe.

Alherinka ba na surutu ba ne. Akwai baƙar kwat ɗin nan da ke rataye a ƙusa bayan ƙofar shagonka. Ɗan dako zai zo ɗaukar hoton neman aiki da riga yagaggiya, sai ka ce masa yau ana sanyi, ya ɗan saka wannan, alhali zufa na tsiyaya daga kowa. Rabin masu gadi da masinjojin da na sani da kwat ɗin nan suka sami aiki. Akwai matar nan mai sayar da gawayi da gobara ta cinye mata ɗaki, ta zo tana kuka ba don katifa ba, don hoton mijinta. Ka shiga ka bincike ambulan ɗinka na nagetif, wato wankakken fim da ake buga hoto daga shi, waɗanda ka jera shekara-shekara a kwalaye, ka fito mata da shi bayan kwana biyu, har da na ranar sunan ɗanta wanda ita kanta ta manta an ɗauka. Da waya mai kyamara ta zo ta kwashe maka kasuwa, ba ka zauna zagin zamani ba kamar yadda ni nake yi. Ka rufe shago, ka mai da aikin gida, a ɗan ɗakin da ke kusa da madafa, kana wanke wa ɗalibai da 'yan tsirarun da har yanzu suke son fim.

Aibinka ɗaya, kuma yau zan faɗa tunda ba ka da bakin ramawa. Wanzami ba ya son jarfa. Shekara arba'in kana tsare fuskokin mutane, taka ba ka yarda an tsare ba. In an ɗaga waya sai ka kare da hula. Cewa kake babu wanda ya iya riƙe kyamara a layin nan, gara a manta da kai da a tuna da kai a karkace. Abin da ya rage sai na katin shaida, ɗan mitsitsi kamar farcen babban yatsa, hatimi ya danne rabin fuskar, gumi ya cinye sauran.

'Yarka ma'aikaciyar jinya, wadda ita kaɗai Allah Ya ba ka, ta zo hutu mako guda kafin rasuwarka, ta sa ka a gaba. Ina zaune ranar Litinin ɗin da ta ce, "Baba, wallahi ba zan koma ba sai da hotonka. In na haihu me zan nuna?" Ka yi gunaguni, ka yi tsaki, daga ƙarshe ka ɗauko tsohuwar kyamarar, ka ce saura hoto ɗaya a fim ɗin, ka daidaita komai da kanka, ka rataya mini ita a wuya. Ka tsaya kusa da ita a jikin bango. Na danna. Ka ce na ɓata, na motsa, hannuna hannun awo ne mai rawa don a tauye mudu. Safiyar Laraba ka naɗa finafinai uku a tankuna uku, ka ɗaura musu jan ƙyalle, ka taɓa ruwan ka ji ya yi ɗumi, ka fita sayen ƙanƙara. Ka dawo da ita har tsakar gida.

Yanzu ga abin da ya biyo baya.

Ba a gama yi maka sutura ba ɗan ƙaninka, gardi mai gemu da 'ya'ya biyu, ya shiga neman hoton da zai watsa a waya, don sanarwar rasuwa ba ta armashi in babu fuska. Bai samu ba. Sai ya ga hoton ƙungiyar 'yan layinmu a bangon zaure, wanda kai ka ɗauka, don haka ba ka ciki. Ya zaɓi dattijon da ke tsakiya mai hula da tabarau, ya yanko shi, ya rubuta addu'a a ƙasa da furanni a gefe, ya tura wa duniya. Tela ne. Tela na kusa da famfo, wanda a lokacin yana kan kekensa yana ɗinki. Kafin azahar mata sun cika masa gida, matarsa ta dawo daga unguwa ta tarar ana yi mata gaisuwa, sai da aka yayyafa mata ruwa. Da Tela ya iso wurin jana'izarka wata tsohuwa ta watsar da takalmanta ta ruga. Shi kuwa ya tsaya yana huci yana cewa, "Ku bari in gama ɗinkin mutane mana!" Na ja ɗan ƙanin naka gefe na ce, kai, baffan naka ne ba ka sani ba? Bai ko ɗago kai daga wayar ba ya ce, "Baba, ai tsofaffi duk kama suke yi." Mutumin da ya ɗauke shi hoton suna, da na shiga makaranta, da na aure.

Na ga waɗanda suka zo zaman makoki suna jera kai a ƙofar gidanka suna ɗaukar kansu hoto da waya, a gyara fuska a yi kalar tausayi, a duba, a goge, a sake. Na ga wanda ya tsaya a bakin kabari yana neman inda rana ba za ta haske masa gilashin waya ba. Ni ɗan kasuwa ne, na ga an sayar da jaki mai ido ɗaya a matsayin mai biyu, ban taɓa ganin abin ƙyama irin na ranar ba. 'Yarka tana ciki tana jin ana ta turo mata hoton Tela da "Allah Ya jiƙan Baba". Da na shiga gaishe su ta ce mini a hankali, "Baba, hoton nan na ranar Litinin, yana nan?" Na ce yana nan, 'yata, a cikin na ƙarfen, da jan ƙyallensa. Na ce a bari mutane su ragu. Wannan jinkirin nawa ne, kuma saura ƙiris ya zama abin da zan mutu da shi.

Ungulu ba ta jewar banza. A rana ta uku ƙaninka, wanda rabonsa da gidan nan tun bikin 'yarka, ya karɓi makullin ɗakin aikinka da sunan zai lissafa kaya. Ashe wata rana can baya ka taɓa gaya masa, cikin hira, cewa akwai azurfa a jikin fim. Gaskiya ka faɗa, amma azurfar da ko tururuwa ba za ta yi zobe da ita ba. Shi kuwa shekara da shekaru maganar tana dafuwa a cikinsa. Yana ganin tankuna uku a jere da jan ƙyalle, sai ya ce to, ga inda Yaya yake ɓoye ta.

Na shigo da hantsi na same shi tsugune a tsakar gida, daidai inda ka faɗi, sanye da baƙar kwat ɗinka ta 'yan dako. Na roba biyun suna buɗe a gabansa. Ya zaro finafinan ya miƙe su a rana yana kanne ido yana leƙawa, kamar mai duba hanjin rago. Ɗaya aikin wata ɗaliba ne na ƙarshen shekara, ɗaya kuma na wani dattijo ne da ya ɗauki gidan da aka haife shi kwana ɗaya kafin a rushe. Duk sun tafi, cikin ƙiftawar ido, ba su kuma dawowa. Ya dube ni ya ce, "Ka ga wannan, babu komai a jiki. Yaya ma dai da tara shara." Na ƙarfen yana tsakanin gwiwoyinsa. Ya murɗa ya ƙi, ya sa haƙori ya ƙi, ya aika an kawo masa sukundireba, ya riga ya soka bakinta a ƙarƙashin murfin. Mai ɗakinka tana takaba a ɗaki ba ta san abin da ake ciki ba. 'Yarka tana tsaye a bakin ƙofa tana cewa, "Baffa, don Allah, Baffa, hoton Baba ne a ciki," shi kuwa yana cewa, "Ke yi mini shiru, me mace ta sani a kayan gado?"

Kar-ka-motsa, da na yi masa wa'azi da ya buɗe. Da na yi masa tsawa da ya buɗe da sauri. Mai kwaɗayi ba ya jin Allah ya ce, Annabi ya ce, amma yana jin tsoron jikinsa. Sai na ja da baya taku uku, na toshe hanci da hular kaina, na ce wa 'yarka ta matsa can. Ya ce lafiya? Na ce lafiya lau, ci gaba, kai dai bari in yi nisa. Na ce bai yi tunanin me ya sa aka yi waɗancan da roba, wannan kuwa da ƙarfe ba? Na ce tururin da ke ciki in ya bugi mutum gashin kai yake fara zubewa, sai gemu, sai kuma wani abin da ba a faɗa a gaban 'ya'ya. Na ce ai shi ya sa marigayi haihuwarsa ɗaya. Ka yafe mini wannan. Ƙanin naka, wanda ke rina gemunsa duk mako, kuma kwanan nan ya yi sabon aure, ya ajiye tankin a ƙasa kamar mai ajiye ƙwai, ya goge hannunsa a jikin kwat ɗinka, ya ce in ɗauke wannan masifa in fitar masa da ita daga gidan ɗan'uwansa. Shekara talatin da ɗaya kana cewa ƙaryata za ta kai ni wuta. Wataƙila. Amma a rubuta mini wannan a ɗaya gefen.

Murfin ya ɗan lotsa inda ƙarfen ya cije shi, bai ɗaga ba. Taurin nan da na kushe ranar da na sayar maka, shi ya tsaya maka.

Washegari da safe, bayan ƙaninka ya tafi, ni da 'yarka muka shiga ɗakin. Ban taɓa wanke fim ba, kallo kawai na sha. Amma ka bar komai kamar ka san jahilai ne za su gaje ka: kwalba mai lamba ɗaya, kwalba mai lamba biyu, ma'aunin zafi a rataye, ga rubutunka da fensir a bango, ashirin, minti tara. Ta sayo ƙanƙara, a kwanon nan dai, muka sanyaya maganin har ma'auni ya tsaya a ashirin. Ita ta riƙe agogo, da yake ta saba ƙirga bugun zuciya. Na zuba na farko ta bakin murfin, na toshe, na kife tankin na tayar, na kife na tayar, sau huɗu a kowane minti, a hankali, yadda kake cewa kamar ana lallashin jariri ba kamar ana kaɗa nono ba. Ta kalli yadda nake kifewa ta ce, "Baba, ko in karɓa?" Na ce bari, ni na ɗauka, ni zan ƙarasa ɓatawa. Sai a minti na uku na tuna kana buga gindin tankin a tebur don kumfa ta saki fim. Na buga, amma na makara, na kuma san na makara. Muka zubar, muka ɗauraye, muka zuba na biyu mai kafe hoto, muka wanke da ruwa har sau bakwai. Sannan ta kwance jan ƙyallen da hannunta. Sai da muka haɗu mu biyu kafin murfin ya buɗe.

Ta warware fim ɗin yana ɗiga, ta ɗaga shi a taga. Goma sha ɗaya duk ƙofofi ne da inuwar bishiya da hannun mai ɗakinka tana tsintar shinkafa. Na goma sha biyu ga ku nan. A nagetif fari baƙi ne, baƙi fari, don haka furfurarka ta koma baƙa wuluk, ka fito kamar ranar da ka shiga ƙarƙashin bargona. Hoton ya karkace, gaskiyarka. Ita ta fito tsaf tana murmushi. Kai kuwa bakinka a buɗe, gira a haɗe, yatsa a miƙe yana nuna ni. Na danna ne daidai lokacin da kake ce mini kar in motsa.

Ta daɗe tana kallo. Sai dariya ta ƙwace mata, ta farko tun ranar Laraba, dariyar ta juye kuka, ta ce, "Shi ne. Wallahi shi ne. Da ya yi murmushi ma da ban gane shi ba."

An buga shi a takarda yanzu, yana bangon ɗakin mai ɗakinka, ɗaya kuma 'yarka ta tafi da shi. Kusa da kunnenka na hagu akwai wani baƙin ɗigo kamar ƙwayar gero, inda kumfar nan ta zauna minti uku. Mai bugawa ya ce zai iya gogewa a kwamfuta, ta ce a bar shi, sa hannun Baba mai tsofaffin kaya ne. Na san da kana nan da sai na shekara ina jin labarin ɗigon nan. Kwalayen nagetif kuwa, da ƙaninka ya ce zai dawo ya ƙona ya tace azurfa, mai ɗakinka ta sa kwaɗo ta rataya makullin a wuyanta. Ɗalibar da dattijon na je na same su da kaina na gaya musu gaskiya, abin da ban saba ba. In ƙaninka ya karanta wannan, ya kwantar da hankalinsa, gemunsa ba abin da zai same shi. Kwat ɗin dai ya dawo da ita, ba tasa ba ce, ta masu neman aiki ce.

Allah Ya jiƙanka, Kar-ka-motsa. Ya yafe maka kurakuranka, Ya haskaka kabarinka, kai da ka yi rayuwarka kana tsare wa mutane duhu don fuskokinsu su fito. Yadda ka rufa wa 'yan dako asiri da kwat ɗaya, Allah Ya rufa maka naka ranar da babu rigar aro. Ina miƙa ta'aziyyata ga mai ɗakinka, Allah Ya ba ta haƙuri da juriyar zaman kaɗaici, da 'yarka, Allah Ya ba ta zuriyar da za ta nuna wa hoton nan, da Tela, Allah Ya ƙara masa nisan kwana tunda an riga an yi masa addu'ar tafiya. Ƙaninka da ɗansa ma ina yi musu, Allah Ya shirye su, mu ma Ya shirye mu. In tamu ta zo Ya sa mu cika da imani.

Tankin yana rumfata, a kan kanta ta sama, babu ƙyalle a wuyansa. Mutum uku sun taya. Na ce musu ya tsage.